Kunyar da Ke Bin Mai Babur Har Asibiti

Babur irin Boxer ko Jincheng, wanda 'yan acaɓa suka fi hawa, tankin mansa yana zaune ne daidai tsakanin cinyoyin matuƙi. Idan ana cikin gudu aka daki bayan mota ko aka faɗa rami, ƙarfen yana tsayawa nan take, jikin mutum kuwa ya ci gaba da tafiya. Sai matuƙi ya zame gaba da duk nauyinsa, abin da zai fara karo da tanki shi ne gabansa da ƙashin ƙugunsa. In da goyo a baya, nauyin fasinja ma a kansa zai sauka. Likitocin haɗurra sun daɗe da sanin wannan rauni, har da sunan tankin mai suke kiransa.

Maganar haɗarin babur a ƙasar Hausa kusan kullum a kan kai da ƙafa take tsayawa. Tun ranar 1 ga Janairun 2009, da hukumar kiyaye haɗurra ta Najeriya ta fara tilasta sa hular kwano, ake ta gargaɗi a kan kai, kuma gargaɗin yana kan hanya. Ƙafa kuwa kowa na ganinta. Mutum ya dawo daga Asibitin Ƙashi na Dala da filasta har cinya, 'yan dubiya su cika zaure, ya ba da labarin yadda aka yi sau goma bai gaji ba. Hana acaɓa da aka yi a Abuja a 2006, da Maiduguri a 2011, da Kano a Janairun 2013 bayan harin da aka kai wa ayarin Sarki Ado Bayero, bai raba jama'a da babur ba. Da shi ma'aikaci ke zuwa ofis, da shi manomi ke kai buhu kasuwa, a Maraɗi da Damagaram kuma kabu-kabu ne abin hawan talaka. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce a rahotonta na 2023 mutum miliyan 1.19 ke mutuwa a kan tituna duk shekara, fiye da rabinsu masu tafiya a ƙasa ne da masu keke da masu babur. Wannan lissafin mamata ne. Waɗanda suka tashi da ransu, da rauni a inda wando ya rufe, ba a cika jin labarinsu ba, domin su kansu ba sa bayarwa.

Abin da ke faruwa a cikin jiki ya kamata a faɗe shi dalla-dalla. A cikin kayan fitsari ƙoda ce ta fi yawan jin ciwo, musamman idan mutum ya faɗi a kan kwiɓi ko haƙarƙarinsa na ƙasa ya karye. Alamarta jini a fitsari, kuma mafi yawan irin wannan rauni yana warkewa da kwanciya da sa idon likita, ba sai an yi tiyata ba. Mafitsara kuma, idan a cike take lokacin da aka bugi mara, tana iya fashewa ta sama fitsari ya malale cikin ciki. Wannan sai an buɗe an ɗinke.

Raunin da ya fi juya rayuwar namiji shi ne na hanyar fitsari. Bututun namiji dogo ne, yakan kai santimita 18 zuwa 20, kuma wani sashe nasa yana ɗaure da ƙashin ƙugu ta ciki. Idan ƙashin ya karye ya goce, sai ya ja bututun ya yage shi, wani lokaci ya tsinke shi gaba ɗaya. Kusan ɗaya cikin maza goma da ƙugunsu ya karye yakan gamu da wannan. Mutum zai ji fitsari ya cika shi, ya yi ta nishi, ko ɗigo babu, sai ɗan jini a bakin gaba. Wannan ɗan jinin, wanda majinyaci ke saurin gogewa da gefen wando kafin wani ya gani, shi ne abin da likita ya fi bukatar ya sani, domin idan aka tura robar fitsari da ƙarfi ta hanyar da ta yage rabi, ana iya ƙarasa tsinke ta. Abin da masana ke yi shi ne su ɗauki hoton hanyar tukuna, in ta tsinke su huda mara su sa roba kai tsaye cikin mafitsara, a jira kamar wata uku kumburi ya sauka, sannan a yi aikin haɗa bakin biyu.

'Ya'yan maraina nasu lokacin ya fi ƙanƙanta. Idan ɗaya ya fashe aka yi aiki cikin awa 72, kusan tara cikin goma ana ceto su. In aka wuce haka, adadin yana faɗuwa ƙasa da rabi, sauran sai cirewa. Akwai kuma wanda tanki ke turawa sama ya maƙale a matsematsi, a yi makonni ba a lura ba, saboda hankalin kowa yana kan karyayyar ƙafa. Mai ɗori, komai gwanintarsa, ƙashi yake gyarawa. Ba shi da abin da zai yi wa hanyar fitsarin da ta tsinke, kuma kwanakin da ake yi a shimfiɗe a gidansa su ne kwanakin da likita ke nema.

Mata ma suna ciki. Mace takan zauna a kaikaice ba ta da abin riƙewa, ko bakin hijabi ko zani ya shiga taya ya fizgo ta. Bututunta gajere ne, kamar santimita 4, don haka bai cika tsinkewa ba, amma ƙashin da ya karye yana iya yaga farji ta ciki. Ta ga jini ta ɗauka al'ada ce ta zo ba lokacinta ba, ko kuma ta san ba ita ba ce ta yi shiru.

Duk wanda ya taɓa zaman jinya a sashen haɗurra ya san yadda tambaya da amsa ke gudana. A ce, ina ke maka ciwo? Ya ce, "Likita, ƙuguna ne." In ya matsa ƙwarai ya ce, "Marata ce ta ɗaure." A gefen gado mahaifinsa ne a tsaye, ko surukinsa, ko ƙanensa da bai taɓa ganin ko cinyarsa ba. Mai tambayar kuma wataƙila ma'aikaciyar jinya ce, sa'ar 'yarsa. A irin wannan tsayuwa Bahaushe ya gwammace ya haɗiye azaba. Idan aka tambaye shi dalili daga baya, amsarsa ta addini ce: al'aura ce, kuma kunya tana cikin imani.

Ba za a yi watsi da wannan amsa da sauri ba, domin rabinta gaskiya ne. Hadisi ingantacce ya sa kunya cikin rassan imani. Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, an siffanta shi da tsananin kunya, Sayyidina Usman kuma da ita ya yi fice a cikin sahabbai. Kunyar Bahaushe, wadda ke hana uwa kiran sunan ɗan fari, ta hana suruki haɗa kwano da suruki, ita ce ta riƙe gidaje masu mutum talatin ba tare da sun watse ba. Kuma majinyaci yana da hujja a kan asibiti. An sha yaye mutum a ɗaki mai gado ashirin ba labule, ɗalibai shida na leƙe, ana magana a kansa da Turanci kamar ba ya wurin. Wanda ya taɓa ganin an yi wa wani haka, ba abin mamaki ba ne in ya ɓoye nasa. Wannan tozartawa ce, shari'a ba ta yarda da ita ba, ƙa'idar aikin likita ma ba ta yarda ba. Malaman fiƙihu da suka halatta wa likita duba al'aura sun ɗaure halaccin da gwargwadon bukata: wurin ciwo kaɗai, lokacin dubawa kaɗai. Majalisar Fiƙihu ta ƙasashen Musulmi, a zamanta na Burunai a 1993, ta jera yadda za a bi wajen duba mace: a fara neman likita mace, in babu sai namiji amintacce, da muharrami ko miji ko wata mace a wurin. Ko a wannan jeri ba a kai ga cewa a bar ciwo ba a duba ba.

To amma shin kunyar da addini ya yaba ita ce wannan da ke sa mutum ya goge jini ya yi shiru? Labarin Sayyidina Ali ya isa amsa. Ya kasance mai yawan fitar maziyyi, yana son sanin hukunci, amma yana jin nauyin tambayar Annabi saboda 'yarsa Nana Faɗima yake aure. Wannan kunyar suruki ce sak, irin wadda kowane Bahaushe ya sani. Abin da ya yi shi ne ya tura Miƙdad ɗan Aswad ya tambaya masa, aka ba da amsa, Buhari da Muslim suka ruwaito. Bai karya kunyarsa ba, bai kuma zauna cikin duhu ba. Ummu Sulaim da kanta ta zo ta tambayi hukuncin mace idan ta yi mafarki, Nana A'isha kuma ta yaba wa matan Madina saboda kunya ba ta hana su neman sanin addini ba. Ashe kunya tana da iko a kan yadda za a faɗi magana, da wanda za a faɗa wa, da wanda zai fita daga ɗaki kafin a faɗa. Majinyaci yana da haƙƙin ya ce, "Baba, ku ɗan ba mu wuri," ko ya nemi a kira masa namiji, ko ya raɗa wa abokinsa ya isar. Ikonta bai kai ga binne maganar gaba ɗaya ba, domin jikin amana ne a hannunsa, kuma akwai haƙƙin mata da na 'ya'yan da ba a haifa ba a rataye da shi.

Abin lura ma shi ne, littattafan da ake karantawa a zaurukan Kano da Zariya da Sakkwato ba su san wannan shirun ba. Risala, wadda Ibn Abi Zaid na Ƙairawan ya rubuta a ƙarni na 10 domin koyar da yara, da ta gama babin tauhidi sai ta shiga abin da ke wajabta alwala da wanka, ta siffanta maniyyi da maziyyi da wadiyyi ɗaya bayan ɗaya. Malam ya fassara da Hausa, almajiri ɗan shekara goma sha biyu ya maimaita, ba wanda ya ce an yi rashin ta ido. Sarkin Musulmi Muhammadu Bello, wanda ya rasu a 1837, ya zauna ya rubuta littafi sukutum a kan maganin basir. Zahrawi, likitan Ƙurɗuba da ya rasu wajen 1013, ya zana siririn bututun azurfa da ake zurawa ta gaba a fitar da fitsarin da ya ƙi fita, shekaru ɗari tara kafin Ba'amurke Frederic Foley ya ƙera robar da ake amfani da ita yau. A ɗaya gefen kuma, a kasuwannin ƙasar nan masu tallar maganin maza suna faɗar batsa da lasifika tsakar rana, dattawa na wucewa. Al'ummar da ta jure wa wannan, bai dace ta bar mai rauni yana jin nauyin faɗa wa likitansa gaskiya a ɗaki ba.

Bayan an fito daga asibiti sai wata kunyar ta karɓa, wadda ta fi ta farko ciwo, domin tsakanin bawa da Ubangijinsa take shiga. Mutum ya koma gida da roba a mara da jaka ɗaure a cinya, fitsari na gangarowa dare da rana ba da izininsa ba. Tun yana yaro aka koya masa ɗigo ɗaya na fitsari yana karya alwala yana ɓata tufa, ya kuma ji hadisin wanda ake wa azaba a kabari saboda rashin kiyaye fitsari. Sai ya yanke wa kansa hukunci: shi yanzu najasa ne, sallarsa ba ta karɓuwa, zai rama in an cire roba. Wata uku su wuce, wani lokaci shekara, in kuɗin aiki bai samu ba. Mutumin da ya fi kowa bukatar tsayawa gaban Allah ya zama ya yanke kansa daga sallah, kuma ya yi haka ne don girmama sallar.

Fiƙihun Malikiyya, wanda mafi yawan Hausawa ke bi, ya fi sauran mazhabobi sauƙi a nan. Fitsarin da ke zuba ba da iko ba, idan ya lazimci mutum duk lokaci, ko mafi yawansa, ko rabinsa, ba ya karya alwala. Sai in yankewarsa ta fi zubarsa yawa ne yake zama kamar na kowa. Risala ta so irin wannan mutum ya sabunta alwala a kowace sallah, amma mustahabbi ne, kuma malamai sun ɗauke shi idan akwai wahala kamar tsananin sanyi. Mai roba, wanda fitsarinsa ba ya yankewa, yana can cikin wannan rangwame. Alwalarsa tana nan har sai wani abin daban ya karya ta, kamar tusa ko bayan gida ko barci mai nauyi. Abin da ya taɓa tufafinsa kuma, Muhtasar na Shehu Halil ya sa shi cikin najasar da aka yafe saboda wuyar kauce mata. Ya zubar da abin da ke jaka kafin sallah in ya samu hali, ya tsaftace abin da zai iya, ya kabbara. Hanafawa da Hambalawa suna cewa ya yi alwala a kowane lokacin sallah, Shafi'awa su ce a kowace farilla. Saɓaninsu a kan yawan alwala ne. Babu mazhaba ɗaya da ta ce ya dakata da sallah.

Akwai abin da ya fi wannan ban sha'awa. Halil, wanda ya rayu a Masar a ƙarni na 14, ya kawo mas'alar mutumin da aka samu huda a ƙasan tumbinsa, ƙazanta na fita ta nan. Ya ce in mafitai biyu na asali sun toshe, hudar ta ɗauki hukuncinsu, in ba haka ba malamai suna da magana biyu. Ɗalibai da yawa sun wuce wannan layi suna ganin ƙiyasi ne na malamai, abin da ba zai faru ba. Yau ga shi a kwance a gadajen asibitocin koyarwa, matashi ɗan shekara 25 da roba a ƙasan cibiya.

Asalin rangwamen tun zamanin Annabi yake. Faɗimatu 'yar Abu Hubaish ta kawo kukan jinin da ba ya yanke mata, aka ce ta yi sallarta. Imrana ɗan Husaini, mai fama da basir, aka ce ya yi a tsaye, in ya kasa a zaune, in ya kasa a kan gefensa, wanda shi ne halin mai karyayyen ƙugu. Muwaɗɗa ta kawo cewa Sayyidina Umar ya yi sallah bayan an soke shi, rauninsa na zubar da jini. An kuma ruwaito cewa Zaidu ɗan Sabit, marubucin wahayi, ya yi fama da yoyon fitsari da girma ya kama shi, yana magani iyakar ƙoƙari, in ya rinjaye shi ya yi alwala ya yi sallarsa. Azumi ma roba ba ta karya shi, haka Majalisar Fiƙihu ta tabbatar a zamanta na Jidda a 1997, ko da yake mai roba yana bukatar shan ruwa da yawa, kuma in likita ya ce ya sha azumi, yana cikin marasa lafiyar da Alƙur'ani ya ba uzuri.

Masallaci fa? In jakar a rufe take ba ta ɗiga, babu abin da ya hana shi sahu. In yana tsoron ɓata shimfiɗa, uzurinsa ya karɓu ko da ranar Juma'a ce. Limanci kaɗai ne Malikiyya suka karhanta masa a gaban masu lafiya, kuma karhanci ne, sallar ba ta ɓaci ba. Duk wannan ilimi yana nan a kan kantar malamin unguwa. Tazarar da ke tsakaninsa da majinyaci ba ta wuce jumla ɗaya ba: "Allah gafarta malam, roba aka sa mini, yaya zan yi sallah?" Amma nauyin bai kamata ya tsaya a kan marar lafiya shi kaɗai ba. Malamin da ya je dubiya ya ga jaka a gefen gado, ya fi kyau ya fara faɗar hukuncin tun ba a tambaye shi ba. Masu ba da fatawar bakin titi kuma su tuna labarin da Abu Dawud ya kawo, na mutumin da dutse ya fasa wa kai a tafiya, janaba ta same shi, abokansa suka ce ba shi da damar taimama. Ya yi wanka ya mutu. Da labari ya isa ga Annabi, a kansu ya ɗora laifin, saboda sun yi magana ba su sani ba, kuma ba su tambaya ba.

Sai maganar ɗaki, wadda ita ce mutum ke tunani da dare in kowa ya yi barci. Jijiyoyin da ke tayar da gaba suna bi ta gefen wurin da ƙashi ke yaga bututu, don haka da yawa daga masu wannan rauni suna samun raunin mazakuta. Wasu yana dawo musu a hankali cikin shekara ɗaya ko biyu, wasu magani yana taimakonsu, wasu sai an yi wani aikin. Wanda ya rasa ɗan maraina ɗaya kuwa, ɗayan ya ishe shi haihuwa, abin da mutane da yawa ba su sani ba, suna ta baƙin ciki a banza. Inda ba a yi bayani ba, zargi ne ke cike gurbin. A ce an ɗaure shi, a tuhumi kishiya ko tsohuwar budurwa, a kwashi kuɗin da ya kamata a kai asibiti a kai wa boka.

Fiƙihu ya raba mas'alar gida biyu. Wanda raunin ya same shi kafin aure, ya ɓoye, aka ɗaura, matar tana da zaɓin zama ko rabuwa idan ta gano. In gaban yana nan amma ba ya aiki, alƙali ya ba shi shekara guda ya nemi magani. Iyayen da ke cewa a yi masa aure zai warware, ba tare da an faɗa wa gidan yarinya ba, yaudara suke shiryawa, kuma yarinyar ce za ta ɗauki sunan juya idan shekaru suka wuce ba haihuwa. Wanda kuwa abin ya same shi bayan sun riga sun zama miji da mata, Malikiyya ba su ba matar zaɓi ta wannan ƙofa ba, sun ɗauke shi a matsayin jarrabawar da ta sauka a kanta ita ma. Hukunci ne mai nauyi, bai kamata a faɗe shi kamar ba komai ba. Yana kare mutumin da ya fita neman abincin gida daga a yar da shi ranar da ya faɗi. Amma matar 'yar shekara 22 ita ma mutum ce. Ƙofar hul'i ba ta rufu ba, kuma namijin da ya tabbata ba zai warke ba, ya ga tana cutuwa, mutunci ne ya ba ta zaɓi da bakinsa. Wadda ta zaɓi zama, tana wanke roba tana zubar da jaka, ta cancanci a gaya mata gaskiyar abin da likita ya ce, kada ta yi haƙurinta a makance. Matan da ke fama da yoyon fitsari bayan haihuwa sun samu masu magana da yawunsu, tun da likita ɗan ƙasar Holan Kees Waaldijk ya fara aiki a Babbar Ruga ta Katsina a shekarun 1980, har abin ya zama ana faɗarsa a rediyo. Maza masu roba da matansu har yanzu kowa a ɗakinsa yake fama.

Shirun yana da wata asara kuma, ta dukiya. A bakin titi, ko washegari a asibiti, dattawa sukan taru. Wanda ya yi karon ya durƙusa, a ce tsautsayi ne, ba ya wuce ranarsa. Mahaifi ya ce sun yafe duniya da lahira, a biya kuɗin hoto da na ɗori, a yi fatiha. Yafiya abu ne mai girma, Alƙur'ani ya kwaɗaitar da ita. Amma aya ta 92 ta Suratun Nisa'i, da take magana a kan kisan kuskure, diyya ta fara wajabtawa, sannan ta bar wa masu haƙƙi su yi sadaka da ita in sun so. Imani da ƙaddara bai taɓa soke lamuni ba. Risala ta ce mai hawan dabba da mai janta da mai korarta duk suna ɗaukar abin da ta taka, kuma Majalisar Fiƙihu a wancan zama na 1993 ta ɗora haɗurran mota a kan wannan babi, ta ce bin dokokin hanya wajibi ne a shari'a. Wanda ya yi gudun wuce sa'a, ko ya bi hannun da ba nasa ba, ko ya ɗauki goyon uku da dare ba fitila, ba zai fake da ƙaddara ba.

Kuma shari'a ba ta ɗauki waɗannan gaɓoɓi da wasa ba. Risala ta sa cikakkiyar diyya a kan 'ya'yan maraina biyu, da kan kaciya, da karyewar gadon baya. Halil ya ƙara da gushewar ƙarfin saduwa da gushewar haihuwa. Cikakkiyar diyya ita ce ta rai guda: raƙuma 100, ko dinari 1,000, wato zinari fiye da kilo huɗu. Sannan ga wata ƙa'ida a cikin Risalar da ta dace da wannan rauni kamar don shi aka rubuta ta, cewa ba a ƙiyasta diyyar rauni sai bayan ya warke, domin sai a lokacin ake sanin iyakar ɓarnar. Yafiyar da aka yi rana ta biyu, mai raunin yana kwance bai faɗa wa kowa fitsarinsa ya tsaya ba, an yi ta ne a kan karyayyar ƙafa. Haƙƙin ma nasa ne shi baligi, ba na mahaifinsa ba.

Ba wanda ke tsammanin ɗan acaɓa ko direban tasi zai fito da kilo huɗu na zinari, kuma shari'a ba ta ce ya fito da shi shi kaɗai ba. Diyyar kuskure, idan ta kai sulusi, a kan dangi take, cikakkiyarta a biya cikin shekara uku. Halil ma ya fara ne da mutanen da suke rajista ɗaya da mai laifin suna karɓar albashi tare, kafin dangin jini. Ƙungiyoyin 'yan acaɓa da na direbobi, da ke karɓar kuɗin tikiti kullum safiya, su ne mafi kusa da wannan siffa a yau, kuma dokar inshorar ababen hawa da ke kare wanda aka buge tana nan tun zamanin Turawa, sai dai kaɗan ne ke bin haƙƙinsu ta nan. Ana iya sulhu a kan abin da ya yi ƙasa da diyya nesa ba kusa ba, muddin an jira rahoton likita, kuma mai raunin ya san abin da yake yafewa.

Aikin haɗa hanyar fitsari ana yin sa a Arewa. Akwai Asibitin Mafitsara na Abubakar Imam da Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano, akwai cibiyar ƙoda da mafitsara a asibitin koyarwa na Sakkwato, akwai na Shika a Zariya, kuma a hannun ƙwararre mafi yawan waɗanda aka yi wa suna komawa yin fitsari da kansu. Abin da ke tsayar da mutane kuɗi ne. Mai roba a mara ba ya iya hawa babur, sana'arsa ta tsaya, ga canjin roba duk bayan 'yan makonni, ga maganin ƙwayoyin cutar da ke bin ta su shiga mafitsara. Haka wata uku na jira ke zama shekara biyu, alhali kuɗin aikin bai kai ko kusa da ushirin abin da aka yafe a bakin titi ba.